Tumakin da Malama Ta Bar Mini

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malama a Gwarzo, kuma gajeriya ce, idan na taka turmi ina hango tsakar gidanta. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana koyar da aikin gona a makarantar 'yan mata. Mijinta yana can garinsu yana aiki, ita tana nan da 'ya'yanta mata biyu. Shekara bakwai muka yi muna maƙwabtaka. Ni nake ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta, ita take duba wa nawa aikin gida. Idan Kirsimeti ta zo, mahaucin unguwa take kira ya yanka mata kaji don mu ci hankali kwance. Tana ce mini Mama, ina ce mata Malama.

A lokacin tsuke bakin aljihu ya daɗe da cin mu. Maigidana ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, kuma albashin da a da yake riƙe gida ya koma ba ya kai mu tsakiyar wata. Shekara shida muka yi ba mu yi layya ba. Kowane ma'aikaci ya nemi abin jingina, wani ya kama acaɓa da yamma, wani kaji. Malama tumaki ta kama, kuma ta iya su ƙwarai. Ni akuya ɗaya gare ni, amma duk abin da na sani na kiwo a wajenta na koya.

Wata rana ta kira ni ta kama hannuna ta ɗora a gadon bayan wata tunkiya mai ciki.

"Mama, danna. Kin ji ƙashin baya? Idan kika ji shi a lulluɓe da nama, to lafiya. Idan ya soke ki, akwai matsala."

Na ce ni dai na ga cikin ya yi girma, ai alamar ƙoshi ce.

Ta yi dariya. "Nan mutane suke ruɗewa. Cikin tunkiya wata biyar ne. A watannin farko ɗan bai fi ɓera ba. Makonni shidan ƙarshe yake yin girmansa, ƙashi da tsoka da ɗan kitsen da zai riƙe shi idan ya faɗo. A lokacin kuma ya tokare mata ciki, ba ta da wurin zuba abinci da yawa. To ɗan abin da za ta ci sai ya zama mai kyau. In kika tura mata kara da ƙaiƙayi, tumbinta zai cika, amma ita da ɗanta da yunwa za su kwana. Nonon ma a lokacin hantsa take haɗa shi."

Na riƙe wannan magana, ban san ranar da za ta dame ni tana tafe ba.

Shekarar da ake ta batun ƙaddamar da Shari'a, aka yi tashin hankali a Kaduna. A unguwarmu ko harara ba a yi wa kowa ba, amma jita-jita ta cika gari, kullum da sabon labarin da wani direba ya kawo. Kiristocin da ke cikinmu, malamai da 'yan tireda, suka fara kulle ɗakuna suna tafiya. Mijin Malama ya aiko cewa ta kwaso yara ta taho, kada ta ƙara kwana biyu.

Da hantsi ta shigo gidanmu tana jaye da tumaki uku, dukansu da ciki. Babbar fara ce mai baƙaƙen kunnuwa, ita ce uwar garken, kuma Malama ta ce daga yadda ta buɗe tagwaye za ta haifa. Sai ga mai kura ya fara shigo da kaya: buhunan dusar alkama, angurya, kowar wake, tunkuza, da dammunan harawar da ta tara tun kaka. Duk abin da ta tanada don rani ta juye mana. Ta ba ni wani tsohon kwanon sha da ta yi wa alama da fenti a ciki.

"Saura kamar mako bakwai. Kowace kwano ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Bayan mako biyu ki fara ƙarawa kaɗan-kaɗan. Harawa kada ta yanke, ruwa ma haka."

Maigida yana zaure zai fita aiki, ta tsaya ta gaishe shi, ta ce, "Baban yara, ga amana nan na bar muku."

Har yau ina jin muryarsa. Ya ce, "Malama, ki tafi hankalinki kwance. Addininmu bai yarda a ci haƙƙin maƙwabci ba, ko wane ne shi. Shari'ar nan da ake ba ku tsoro da ita, ita ce ma za ta tsare muku haƙƙinku."

Ina bayan ƙofa ina ji, sai na ji kaina ya yi girma. A kwanakin nan ba ya fashin zuwa taron masu goyon bayan Shari'a, kuma na ce a raina, to ga shi abin ba a baki kawai ya tsaya ba. Malama ta rungume ni, ta fita tana share ido.

Kwana huɗu tumakin suka yi a hannuna. A na biyar Maigida ya ce ya yi tunani, gara a kai su ƙauyensu da ke ƙasar Kabo, wajen Inna, mahaifiyarsa. Ya ce gidanmu ya yi ƙunci, ga zafi ya fara, ga wani ciwon awaki da aka ce ya shigo gari. Can kuwa akwai fili da inuwa.

Na ce, "Malam, ni aka bar wa fa."

"Ke da Inna wa ya fi sanin dabba? Tun ba a haife ki ba take kiwo."

Ya kawo a-kori-kura aka loda tumakin da abincinsu kaf, ko damin harawa ɗaya ba a bari ba. Na ba shi kwanon nan mai fenti, na maimaita masa awon har sau uku, ya ce ya ji.

Kowace Lahadi yakan hau babur ya je gida ya dawo. In tambaye shi, "Yaya tumakin Malama?" Ya ce, "Sun fi ki ƙiba." In yi dariya in kawo masa ruwa.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, sai ga shi ya shigo da rago. Ba ƙaramin rago ba, ƙato, wuyansa har ninki yake yi. Yara suka fasa ihu. Ni kaina sai da na zauna a bakin rijiya ina kallonsa. Ya ce wasu ƙananan raguna ya samu da araha tun kwanakin baya, ya ajiye a ƙauye, ya sayar da sauran ya bar mana wannan. Ban tambayi komai ba. Shekara shida 'ya'yana suna leƙen gidajen mutane ranar Sallah, wace tambaya zan tsaya yi?

Da aka feɗe shi, mahaucin ya ce bai ga rago mai kitse kamarsa ba a unguwar a wannan shekara. Na yi suya wuni biyu. Na aika wa dangi, na aika wa maƙwabta. Na zaɓi tsoka mai kyau na cika wani gwangwani, na narka kitse na rufe samansa don kada ya lalace, na ɗora a kan kabad na ce wannan rabon Malama ne, ranar da ta dawo ta ci naman layyarmu.

Mako biyu bayan Sallah matar ƙanin Maigida ta haihu, muka tafi suna ƙauye. Ina sauka daga mota, ko gaisuwa ban gama ba na ce bari in leƙa tumaki. Inna ta nuna mini bayan gida.

Na same su tsaye a gindin wata bishiyar darbejiya. Da farko ban gane su ba, na ɗauka na wani ne. Cikkunan sun rataye ƙasa, ƙugu ya fito, gashi ya yi buzu-buzu. A gabansu akwai busasshen karan dawa da wata fasasshiyar ƙwarya mai ƙaiƙayi. Na matsa na ɗora hannu a bayan babbar. Ƙashin ya soke ni kamar na dafa bakin zarto.

Na koma cikin gida na ja Inna gefe. "Inna, ina dusar tumakin nan? Ina harawarsu?"

Ta dube ni da mamaki. "Wace dusa, 'yar nan? Ai kayan da ya kawo na raguna ne. Raguna huɗu ya turke a rumfar can, ya ce in ba su ba dare ba rana don su cika kafin Sallah. Waɗannan kuwa ya ce a sake su su yi kiwo a gona."

"Wane kiwo ne a gona yanzu, Inna?"

"Ni ma na faɗa masa. Na ce masu ciki ne fa, ba su da abin tsinta. Ya ce mai su ta gudu, ba ta dawowa. Dusar ɗan surfen da nake yi nake ba su, to nawa ne?"

"Bayan Sallah fa? Ba abin da ya rage?"

"Ya kwashe, ya ce wani mai kiwon shanu yana so."

Na tambayi kwanon nan mai fenti. Ta ce ga shi can a randa, da shi ake shan ruwa.

Ban ci tuwon suna ba. Mata suna ta guɗa suna karɓar jaririya, ni ina zaune a lungu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne naman nan. Na ci, na ba 'ya'yana, na raba wa mutane ina alfahari, har na ajiye wa mai haƙƙin nata kason.

Sai da muka dawo Gwarzo, ya yi sallar la'asar ya zauna, na kori yara waje, sannan na yi masa magana. Ban ɗaga murya ba, don ban taɓa ɗaga masa ba. Na ce, "Malam, na ga tumakin. Inna ta gaya mini komai."

Ya ci gaba da juya carbi. Can ya ce, "Wa ya san za ta dawo? Duk waɗanda suka tafi, wa kika ga ya dawo?"

"Ko ba za ta dawo ba, nata ne."

"Aro na yi. Na yi niyyar in mayar."

"Tumakin za su jira ka ka mayar?"

Sai ya fusata. Ya ce ni ba na ganin ƙoƙarinsa, ya fitar da mu kunya a idon unguwa, 'ya'yansa sun ci nama kamar 'ya'yan kowa, kuma layya ibada ce. Na ce masa ni jahila ce a kansa, amma ban taɓa jin an yi ibada da abincin bakin dabbar wani ba. Na ce ko ya dawo da su gobe, ko in tafi da ƙafata in koro su, duk wanda ya tambaye ni a hanya in gaya masa dalili. Washegari ya dawo da su.

Kwana goma sha biyu na yi ina fama. Na aika gidanmu aka kawo mini harawa, na bi maƙwabta ina roƙon dusa. Saboda zaƙuwa na tura musu da yawa ranar farko, na manta ta ce kaɗan-kaɗan, sai zawo ya kama biyu. Na koma na rage. Abin da aka hana su na tsawon wata guda da kwanaki ba zai shiga jiki a mako ɗaya ba, na sani, amma ban iya zama ba.

Babbar ce ta fara faɗuwa. Ta ware kanta, ta daina ci, tana tauna haƙora. Idan na wuce ta gabanta ba ta ganina, sai ta je ta jingina kai da bango ta tsaya. Na sa aka kira malamin dabbobi, ya duba ya ɗura mata ruwan sukari, ya ce, "Hajiya, wannan ba ciwo ba ne, yunwa ce. 'Ya'yan cikinta sun cinye ta." Kwana biyu bayan nan ta kwanta ta kasa tashi, aka yanka ta kafin ta mutu. Da aka buɗe, ga tagwayen nan kamar yadda Malama ta faɗa, sun haɗu tsaf har da kofato, amma kowanne bai fi tafin hannuna biyu ba.

Ta biyun ta haihu wata safiya, ita ma biyu. Na sha ganin haihuwar tumakin Malama. Kafin ka ɗebo ruwa ɗan ya miƙe yana tangaɗi yana neman nono. Waɗannan kuwa suka zube a ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Uwar ta sunsuna su sau ɗaya ta juya ta tafi wajen komi, ko lasa ba ta yi ba. Na kama ta na matsa hantsar, babu komai, ko ɗigon dakashi, wato nonon farko mai kauri da ɗan yake buƙata kafin komai. Na goge su da zane, na sa su a kwali kusa da murhu duk da zafin da ake yi, don jikinsu sanyi ƙalau. Na tatso akuyata ina ɗiga musu da cokali. Ɗaya bai kai azahar ba. Ɗayan ya yi kwana uku yana wani kuka siriri kamar na kyanwa, sannan ya bi ɗan'uwansa.

Ta ukun ɗa ɗaya ta haifa, mace. Ita ma ƙarama ce, ta daɗe kafin ta tsaya, amma ta tsaya, kuma uwar tana da ɗan nono. Ita kaɗai ta rayu.

Da hankula suka kwanta, makarantu suka koma, labari ya zo cewa Malama tana hanya. Maigida ya kira ni ya ce, "Idan ta zo, ciwo ne ya shiga cikinsu. Kin ji ko? Kada ki tona mini asiri a gaban baƙuwa."

Na juya na koma wajen tumakin.

Ta iso ranar wata Asabar, ta kawo mini doya da citta. Shi ya tare ta a zaure da doguwar gaisuwa, yaya hanya, yaya mutanen gida, yaya aka ji da abin da ya faru. Sannan ya sassauta murya ya ce an yi rashin sa'a, wata annoba ta ratsa garin, mun yi iya ƙoƙarinmu, Allah bai nufa ba. Ina tsaye ina ji, kalma bayan kalma, da irin muryar da ya yi mata alkawari da ita.

Ta shigo ta tsaya a gaban tumakin biyu da 'yar ƙaramar. Ta durƙusa ta buɗe bakin ɗaya, ta duba ido, ta shafa gadon baya a hankali tun daga wuya har ƙugu. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta miƙe ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na gode, Mama." Ta ja su ta fita.

Kwana biyu ban taka turmin nan ba. Ina jin motsinta ta bayan katanga, tana shara, tana yi wa yara faɗa, amma ba ta kira ni ba. A rana ta uku, bayan Maigida ya fita aiki, na yafa mayafi na zagaya ta ƙofa.

Na same ta tana jiƙa dusa. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, tun daga a-kori-kura har zuwa raguna huɗu. Na gaya mata har da gwangwanin naman da na ajiye mata, wanda tun dawowarmu daga suna na kasa taɓawa na kasa zubarwa.

Ba ta daina juya dusar ba sai da na gama. Sannan ta ce, "Mama, aikin da nake koyarwa ke nan. Annoba ba ta barin dabba haka."

Na ce ta yafe mini.

"Kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Da na je gida, dangin mijina suka ce na yi wauta da na bar dukiyata a hannunku. Na yi ta musu da su, har muka ɓata da yayarsa. Na ce ku ba ku san gidan nan ba." Ta goge hannunta a zane. "Yanzu ban san me zan ce musu ba."

Na ce ga akuyata nan da abin da za ta haifa, ta karɓa.

"A'a. Ba ke kika ci ba."

Na ce, "Na ci, Malama."

Sai a lokacin ta yi kuka, ni ma na yi. Amma ba ta karɓi akuyar ba.

Ba ta kai ƙara wajen mai unguwa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ni ce na kasa haƙuri na je na faɗa wa Baba, mahaifina. Ya kira Maigida ya yi masa nasiha mai zafi, ya ce haƙƙin wanda ba Musulmi ba ya fi wuyar fita, don haka ya gaggauta ya mayar mata da tunkiya da abincin da ya ci. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu da kaka. Ya dawo gida ya yi mako guda ba ya yi mini magana saboda na kai shi gaban suruki. Kaka ta zo, aka cire amfanin gona, bai mayar da komai ba. Idan suka haɗu da Malama a ƙofar gida sai ya gaishe ta faram-faram, ita ma ta amsa.

Mun ci gaba da gaisawa ni da ita, na ci gaba da ɗinka wa yaranta kaya. Amma idan za ta yi tafiya ta kwana biyu, wata malamar makarantarsu take kira ta kwana mata a gida. 'Yar tunkiyar nan kuwa ta rayu, sai dai ta tsumbure. Tana da wata takwas ana yi mata kallon 'yar wata uku.

A ƙarshen shekarar karatu Malama ta nemi canjin wurin aiki, aka ba ta. Ranar da motar kaya ta zo, ta shigo ta yi mini sallama. Ta ce idan ta zauna za ta aiko da wasiƙa. Na raka ta har bakin titi, abin da ban saba yi ba, na tsaya har motar ta sha kwana. Wasiƙar ba ta zo ba, ban kuma ji haushinta ba.

Ni da Maigida mun yi shekaru masu yawa tare bayan wannan, har Allah ya karɓi ransa. Ba mugun miji ba ne, ya ciyar da mu gwargwadon hali, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Sau ɗaya kawai na sake tayar da maganar, lokacin da yake shirin tafiya Hajji yana bin mutane gida-gida yana neman gafara. Na ce masa akwai mutum ɗaya da ya rage, kuma idan ya tambaya a makarantar za a san inda aka mayar da ita. Ya dube ni ya ce, "Wai har yanzu kina nan a kan maganar tumakin nan?" Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci.